Bindigar toka ta fashe a hannun maharbi: abin da ya faru daga daji zuwa asibiti

Da zarar an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, to a ƙauyukanmu na tsakanin ƙasar Birnin Kudu da Gwaram sai maganar farauta. A haɗu gari biyu gari uku, a hau babura da a-kori-kura, ga karnuka ga gora ga barandami, masu bindiga kuma suna gefe guda. Zomo ake samu da gafiya da zabin daji da makwarwa, in an yi sa'a a tashi gada. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, kuma duk rani sai an kawo mana masu raunin farauta, sara ne ko cizon kare ko saran maciji. Amma wannan da zan kawo ya tsaya min a rai, don ciwon da bindiga ta ji masa daban, ciwon da sa'o'in da suka biyo baya suka ƙara masa daban, kuma na biyun ne ya kusa kai shi kabari. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba, da izininsa dai nake rubutawa.

Magidanci ne, ya haura arba'in, manomi, farauta kuma gado ce a gidansu. Ba sabon shiga ba ne ko kaɗan, mutum ne da ake yi wa kirari a filin farauta. Bindigarsa ta toka ce ƙirar maƙeri, irin wadda ake ɗurawa ta baki, kuma ta daɗe a hannunsa. A fitar da suka yi kafin wannan ya ɗura ta amma bai samu abin harbi ba, suka dawo cikin dare a gajiye, ya jingine ta a kusurwar ɗaki da ɗurinta a ciki, aka kwana biyu hidimar biki ta ɗauke masa hankali ya manta. Ranar da abin zai faru, kafin asuba, sai ya ce da ɗan wansa, saurayi ne mai riƙe masa jaka, yace ɗauko bindigar nan ka shirya ta kafin in idar da sallah. Yaron bai san da ɗuri a ciki ba, da fitilar waya ya yi aikin, ya sake zuba albarushi a kan na da, ya danna, ya zuba ƙwayoyin dalma. Sannan da ya ga albarushin da ya rage a gora bai kai yadda kawunsa ke zubawa ba, sai ya fasa wani tsohon harsashin bindiga mai baki biyu da suka tsinta ya juye garin ciki ya cika da shi, a ganinsa ai duk gari ne.

Wajen hantsi karnuka suka tashi gada daga wani kwari, ta biyo ta gabansa, ya ɗaga ya ja kunama. Waɗanda ke kusa sun ce ƙarar ba irin ta kullum ba ce, kuma hayaƙin ta gefe ya fito ba ta baki ba. Bututun ya tsage daidai inda hannun hagu ke riƙewa. Babban yatsa da manuniya suka dagargaje, tafin hannu ya buɗe, wani guntun ƙarfe ya shige sangalin hannu ƙasa da gwiwa ya tsaya a ciki, fuska kuma duk ta yi ɗigo-ɗigon baƙin albarushi, Allah ya tsare idanun.

Daga nan ne nake so a bi ni a hankali, don duk wanda ya taɓa shi a dajin nan da niyyar taimako ya taɓa shi, babu mugu ko ɗaya a cikinsu.

Abu na farko, wani ya ciro robar tayar babur irin wadda ake ɗaure kaya ya naɗa masa a wuyan hannu. Tafin hannun suka gani yana jini shi ya sa, amma babban raunin yana sama da inda aka ɗaure. Sai wani dattijo ya buɗe jaka ya barbaɗa garin magani a tafin, wani ya kawo toka daga inda suka hura wuta da safe, har da mai cewa a zuba albarushi a kyasta ashana wai zai ƙone bakin jijiyar, Allah ya sa ba a bi tasa ba. Sannan aka ga ƙarfen nan a sangali, wani mai ƙarfin hali yace ai wannan dafi ne a jikinsa, ya kama da yatsu ya fizge. Wallahi nan ne lamari ya canza. Kafin a cire, jini tsiyaya yake yi. Ana cirewa ya koma tsartuwa, ja wur, yana fita yana tsayawa daidai da bugun zuciya. Ƙarfen ya riga ya yanki jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, amma zamansa a wurin shi ne ya toshe ta. Duk abin da ya shige jiki ya tsaya, ƙarfe ne ko itace ko wuƙa, ba a daji ake cire shi ba, tsumma ake tarawa a gefe da gefensa a ɗaure don kar ya motsa, sai a ɗakin tiyata.

Babban mutum jinin jikinsa gaba ɗaya wajen lita 5 ne, jarka ƙarama ɗaya kenan, in ya rasa kamar lita 2 rayuwarsa na cikin haɗari sosai, kuma babbar jijiya in ta buɗe ba sa'o'i take buƙata ba, mintuna ne. Da suka ga haka sai aka mayar da robar sama da raunin, aka ɗaure amma ba tamau ba don yana ihu. Irin wannan ɗaurin gara babu shi. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya suna kusa da fata kuma laushi gare su, ɗan matsi kaɗan sun toshe, ita kuwa mai kawowa tana can ciki da ƙarfinta. Kaga kenan kamar mai lambu ne ya toshe mafitar ruwa ya bar inji yana turowa, jinin sai ya ƙara yawa a raunin.

Wanda Allah ya sa ya zama sanadin tsirarsa wani yaro ne ɗan agaji, irin masu kakin nan da ke tsare sahu a wajen wa'azi da idi, an taɓa koya musu taimakon gaggawa a sansaninsu. Yana can wani ɓangaren da karnuka, sai da ya ji hayaniya ya rugo. Shi ya gaya min da bakinsa yadda ya yi, yace da ya iso ya ga manya sun kewaye, ya rasa ta inda zai fara, sai ya durƙusa gaban Sarkin Baka, shugaban maharba, yace, ranka ya daɗe a ba ni dama in gwada abin da aka koya mana, in bai yi ba a ci gaba da na gida. Sarkin Baka yace bismillah yaro. Ya cire rigarsa ta ciki ya dunƙule ya cusa cikin ramin raunin ya danne da tafin hannu biyu da dukkan nauyinsa, jini ya jiƙe rigar ya ci gaba da ɓulɓulowa, sai yace Baba a ba ni rawanin nan. Ya ninka rawanin ya yi faɗin kamar yatsu uku zuwa huɗu, ya zagaya dantse sama da gwiwar hannu, ya ƙulla, ya sa guntun ƙotar gora a kan ƙullin ya sake ƙullawa, ya dinga murɗawa. Maharbin yana salati yana cewa ka kashe ni ka kashe ni, mutane suna cewa kai yaro ya isa haka, shi kuwa bai tsaya ba sai da ya ga tsartuwar ta ɗauke cak. Ya ɗaure sandar da bakin rawanin don kar ta warware, ya duba wayarsa ya riƙe lokacin a ka.

Abin da ya yi shi ne daidai, kuma kowane mataki da dalilinsa. Dannawa da ƙarfi ake farawa da ita, yawancin raunuka ita kaɗai ta ishe su in an daure an danne minti goma ba a ɗaga ana leƙawa ba, in tsumma ya jiƙe a ɗora wani a kai kar a cire na farko. In jini na tsartuwa a hannu ko ƙafa kuma dannawa ta gaza, sai ɗaurin murɗawa, da abu mai faɗi ba igiya ko waya ko siririyar roba ba don su yanka nama suke yi, a sa shi kamar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a murɗa har jini ya tsaya. Zafi dole ne, in bai yi zafi ba to bai ɗauru ba. A wuya ko ƙirji ko ciki kuwa babu maganar wannan ɗaurin.

To da a ce daga nan asibiti aka nufa kai tsaye, da labarin ya zo da sauƙi. Amma sai aka zauna shawara a gindin bishiya, mutum na kwance. Bindigar ba ta da lasisi, kamar yawancin na ƙauye. Wasu suka ce in aka kai shi asibiti da raunin bindiga sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa shi, kuma za a kama duk wanda ya kai shi, a tambayi wanda ya ƙera, a kwashe sauran bindigogin gari. Ni ban raina wannan tsoron ba. Tun abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar dawowa gida sallah bayan an ga bindigogin toka a motarsu, duk mai irin wannan bindigar a ɗarare yake, ko maganarta ba ya so a yi a gaban baƙo. Aka yanke cewa a kai shi wajen mai kemis na wani gari a ce injin niƙa ne ya kama shi.

Aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe shi ta baya, hanya duk yashi da kwazazzabai. Ɗan agajin bai samu wuri a babur ɗin ba, ya biyo a baya. A tsakiyar hanya maharbin yace hannunsa ya mutu, ya yi sanyi ya yi baƙi, sai mai riƙe da shi ya tausaya ya kwance sandar wai hannu ya ɗan sha iska. Jinin da ya fara daskarewa ya ɓalle, kafin su gane su sake murɗawa ya jiƙe wandon su biyun. Wannan maganar ta a dinga sassautawa duk bayan ɗan lokaci tsohuwar koyarwa ce, an daina ta. In an ɗaure an ɗaure kenan, ma'aikacin lafiya ne zai kwance a inda in jini ya ɓalle akwai abin tare shi. Hannu yana jure ɗauri na kamar awa biyu yawanci ba tare da lahani mai ɗorewa ba, in ya kai wajen awa shida kuwa da wuya a cece shi, shi ya sa lokacin da aka ɗaure yake da muhimmanci, kuma shi ya sa maganin mutuwar hannu sauri ne ba kwancewa ba.

Mai kemis da ya ga abin ya san ya fi ƙarfinsa, ya yi masa allurar rage zafi yace ku wuce gaba. Kafin su wuce 'yan uwa suka sayo lemon malt da madarar gwangwani aka haɗa aka ɗura masa wai ya mayar da jini. Ba ya mayar da komai a wannan lokacin, kuma wanda za a shiga da shi tiyata a sa masa maganin barci, cikinsa in da abinci yana iya amai ya shaƙe. Ƙishirwar da yake kuka da ita alamar jini ya ragu ce, a jiƙa masa leɓe ya wadatar.

Sai bayan azahar suka iso wurina. Ina ganin fuskarsa na san ba injin niƙa ba ne, injin niƙa ba ya barin ɗigon albarushi a goshi. Ya yi fari fat, tafin hannunsa mai lafiya da cikin fatar idonsa babu ja, gumi mai sanyi, bugun jini na gudu amma da ƙyar nake jin sa a wuyan hannu, yana magana yana ɓata. Ga hunturu, ga shi an tuɓe masa riga tun a daji an yi ta yayyafa masa ruwa. Mutane ba su san sanyi na hana jini daskarewa ba, wanda ya zubar da jini rufe shi ake yi ko da rana ake. Na ce da wansa, Yaya ku gaya min gaskiya don in san abin da zan rubuta wa likitocin gaba, ba wanda zai kama ku a nan. Ya yi shiru, sannan yace Likita bindiga ce. Ɗan agajin ya iso ya faɗi lokacin da ya ɗaure, na rubuta a filasta na manna a kan rawanin. Ban kwance ba, don ba ni da jinin ƙari ba ni da ɗakin tiyata. Na sa masa ƙarin ruwa ta jijiya, na rufe tafin da bandeji mai tsafta a kan tokar da garin maganin don wanke su a nan zai sake tayar da jini, na yi masa allurar tetanus, wato ciwon sarƙewar haƙora, da ta kashe ƙwayoyin cuta, muka lulluɓe shi da bargo, na rubuta takarda, aka samo mota zuwa babban asibiti.

Akwai wata allura da ake yi wa mai zubar jini sosai, tranexamic acid, tana taimakawa jini ya riƙe, amma amfaninta a cikin awa 3 na farko ne. Zaman shawarar gindin bishiya da zagayen kemis sun cinye wannan lokacin tas.

A babban asibiti an karɓe shi, an ƙara masa jini, 'yan uwa da abokan farauta suka yi layi aka gwada su, a nan kam sun yi abin a yaba. Aka shiga da shi tiyata aka ɗaure jijiyar. Likitan ya ce abin da ya fi cin lokaci shi ne wanke toka da gari da ƙasa daga cikin naman tafin, kuma duk da haka bayan kwanaki wurin ya yi ruwa sai da aka sake komawa aka yanke naman da ya mutu. Manuniya ta tafi gaba ɗaya, babban yatsa rabi ya rage. Toka da ƙasa da kashin dabbobi su ne gidan ƙwayar tetanus, mai sa haƙora su sarƙe jiki ya sandare, tana iya ɗaukar kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, shi dai Allah ya kare shi. 'Yan sanda sun zo sun yi tambayoyi sun rubuta, sun karɓi ragowar bindigar daga baya, ba a tsare kowa ba.

Kuma wannan ita ce maganar da ta fi ci min rai. Tun 2017 akwai dokar tarayya, shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa mata hannu, wadda ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin bindiga ya fara yi masa magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, kuma ba sai an ajiye kuɗi tukunna ba. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu, kuma dokar ta ce a mutunta wanda ya taimaka ya kawo shi. A 2023 Sufeto Janar na 'yan sanda ya sake fitar da umarni a kan haka. Na sani har yanzu akwai wuraren da ake wa mutane wasa da wannan, ma'aikaci ya ji tsoro ya ce a je a kawo takarda, amma doka tana bayan mai rauni. A cikin mutum sama da ashirin da ke dajin nan ba wanda ya taɓa jin labarinta. Maganar lasisi daban ce, dokar bindigogi ta 1959 ta sa lamarin bindigar toka a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma gara ƙungiyoyin mafarauta su bi ta hannun masu gari da hakimai su daidaita wannan tun ana zaune lafiya, don tsoron da ke sa a ɓoye mai rauni daga nan yake tasowa.

Kafin a miƙa ragowar bindigar na je na gan ta tare da wani tsohon maƙeri. A gari ana ta cewa gadar ce mai iska, wasu na cewa sammu ne. Ƙaddara ta Allah ce ba mai ja, amma sababin yana nan a fili. Tsohon ya juya bututun ya nuna min tsagar, miƙaƙƙiya ce tamkar an ja layi, yace wannan bututun ruwa ne, ɗinki gare shi tun daga kamfani, ta ɗinkin ya buɗe. Ya kankare cikin da wuƙa, tsatsa ta zubo, kaurin ƙarfen a gindin ya ragu sosai. Albarushi in ya ƙone yana barin dauɗa mai jan danshi, bindigar da ba a wanke cikinta a busar a shafa mai ba daga ciki take ruɓewa, waje na sheƙi. Ga ɗuri biyu a kan juna, ga kuma garin harsashin zamani wanda ƙarfinsa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba, an yi shi ne don bindigar kamfani mai ƙarfen da aka gwada, ko kaɗan ne bai kamata ya shiga bindigar toka ba. Haka masu sake cika kwanson harsashi a gida da ido ba awo, su ma wannan haɗarin suke ɗauka. Sai ya ɗauko sandar ɗurin tasa bindigar ya nuna min wani zane da ya yi mata da wuƙa, yace in na zura ta zanen ya yi daidai da bakin bututu to ba komai a ciki, in zanen ya tsaya a sama to akwai ɗuri, yace ubansa ya koya masa, yaran yanzu ba sa yi. Ya ƙara da cewa bindiga in ta ƙi tashi kar a juyo ta a leƙa, a bar bakinta na kallon daji a jira, don wani lokacin wutar a makare take kamawa, kuma kar a dogara ta a ƙasa wajen tsallake rafi, laka in ta toshe baki ita ma fasa bututu take yi.

Yaron da ya yi ɗurin ya shiga wani hali, ya daina cin abinci, kullum yana bakin gadon kawunsa. Kawun da kansa yace a daina ɗora masa, shi bai gaya masa akwai ɗuri ba. Sarkin Baka ya tara mutanensa bayan an sallamo shi, ya kafa sharaɗi cewa ba mai shiga gari da bindiga a ɗure, kuma ba mai ɗura wa wani. Ya nemi ni da ɗan agajin mu nuna musu dannawa da ɗaurin murɗawa, muka yi a ƙofar gidansa, kowa ya gwada a dantsen ɗan uwansa, dattawan ma sun gwada. Na roƙe su kowace tawaga ta riƙe tsumma wankakke a leda, da ƙyalle mai faɗi guda biyu, da bargo, kuma a bar babur ɗaya da mai a tanki a bakin daji, a san asibitin da za a nufa tun kafin a fita. Garin magani dai dattawan sun ce ba za su bari ba, muka tsaya a kan cewa ba za a zuba shi a rami mai zurfi ba.

Shi kuwa maharbin raunin ya rufe, amma yatsu ukun da suka rage ba sa damƙewa sosai kuma gefen hannun a mace yake jin sa, likitoci sun ce akwai jijiyar motsi da ta taɓu, ko daga ƙarfen ko daga daɗewar ɗaurin. An tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, yana zuwa gashi, an ce sai an ga yadda hannun zai yi nan da wasu watanni kafin a san ko za a sake yi masa aiki. Damuwarsa yanzu damina, ko zai iya riƙe fartanya, ƙannensa sun ce za su yi masa gayya a gonar gero.